Burtun Kawunka Bawa

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai.

Daga Kurawa, zuwa ga ɗana na fari, mai sunan mahaifina, wanda saboda haka ban taɓa kiran sa da komai ba sai Babana. Gaisuwa mai yawa da addu'a. Ina roƙon Allah wannan takarda ta same ka zaune a cikin mota kamar mutumin kirki, ba rataye a bayanta kana yi wa mutanen hanya ihu ba. Allah ya tsare gabanku da bayanku, kai da ɗan kawunka Isiya, ya kai ku dajin kudu lafiya, ya sa ku sauka hannun mutanen arziki.

Na ba Isiya takardar nan na ce kada ya miƙa maka sai kun wuce garin Isa. Ka san tsakanin uba da ɗan fari akwai kunya. Tun kana rarrafe ban zaunar da kai na yi maka doguwar magana ba, kuma ba yau za ni fara ba da furfura a gemu. Ga kuma Innarka. Duk ranar da na buɗe baki za ni ba da labarin da ke cikin takardar nan, kafin in kai tsakiya ta riga ta kife a tabarma tana riƙe ciki, sai ta ƙwace labarin ta ƙarasa shi yadda ta ga dama. Ka sha jin nata. Yau dai za ka ji nawa, tun da takarda ba ta da bakin katse mutum.

Ba sai na gaya maka halin da ake ciki ba. Geron bana ya tsaya iya gwiwa ya bushe a tsaye, dawa ko kai ba ta fitar ba, rumbunmu kuwa in ka yi magana a cikinsa sai ya amsa maka. Shi ya sa da kuka ce za ku kudu ku yi harbi ku aiko da abin da ya samu, ban hana ba. Na ɗauko bindigar da na gada wurin kakanka, da takardar izininta, na damƙa maka da farin ciki. Farin cikin bai kai la'asar ba. Ina neman igiyar akuya a ɗakinka na ci karo da abin da ka naɗe a tsohon rawani, madubin bindiga mai jawo nesa kusa, sabo fil, wanda ka ba da rediyonka ka karɓo a kasuwar Sabon Birni. Daga baya kuma na ji ka ta bayan danga kana ce wa Isiya in kun sauka za ka nemi magagari ka goge 'yar ƙwayar tagullar nan da ke bakin bindiga, wai tsohon yayi ce, wai tana tare wa madubi hanya. Babana, sai da na nemi turmi na zauna.

Bari in tuna maka yadda kakanka ya koya mini, don na lura sanda nake koya maka hankalinka yana kan babur ɗin maƙwabta. Saitin bindigar nan abu biyu ne kawai, 'yar tsaga a baya kusa da ido, da 'yar ƙwaya a baki. Ka zaunar da ƙwayar a tsakiyar tsagar, kanta daidai da kafaɗun tsagar, sannan ka ɗora ta inda kake so harsashi ya sauka. Idanu biyu a buɗe. Ɗaya yana kan ƙwaya, ɗayan yana gadin duniya, yana ganin abin da ke gefen dabba da abin da ke bayanta. In rana ta sa ƙwayar ƙyalli, ka kara ta a hayaƙin fitila ta yi baƙi. In kuma dabbar ta yi nisa, ƙwayar za ta rufe ta gaba ɗaya, ka rasa inda za ka auna. Ni a lokacin ina ganin wannan aibi ne. Kakanka kuwa sai ya taɓa ni da gwiwar hannu ya ce a hankali, "In ƙwaya ta ruhe dabba, ba ka kai ba. Matsa." Haka na girma ina matsawa da ciki a cikin ƙarangiya, ina ƙunƙuni.

To, a babban farin da aka yi ina saurayi, kakanka ya riga ya rasu, bindiga ta zama tawa, kaina kuma ya fi rawanina girma. Shekarar nan mun ci anza, 'ya'yan itacen dajin nan da ake jiƙawa a ci lokacin yunwa, har ɗacinta ya zauna mana a harshe. Mata na tonon gidan tururuwa suna sheƙe 'yan ƙwayoyin da suka samu, Fulani na sassabe gawo su ba shanun da ba su iya miƙewa sai an ɗaga su da sanda. A cikin wannan hali ni kuma soyayya ta kama ni, don ita ba ta duba rumbu. Ina neman wata yarinya a Gangara, ƙanwar wani maharbi da ake kira Bawa, wato Innarka da kawunka. Ina da riga guda ta kirki, shuɗiya mai aiki a wuya, wadda na ajiye don ranar da za ni gaida iyayenta.

Wata ranar kasuwa a Sabon Birni na ga mutane sun yi da'ira. Wani tsohon sojan Faransi ne daga wajen Maraɗi, ana ce masa Kafaran, ya shimfiɗa buhu ya baje tarkace, butoci da maɓallai da takalmi ƙafa ɗaya. A tsakiya akwai wani baƙin bututu mai gilashi gaba da baya. Ya ga bindiga a kafaɗata ya yafuto ni.

"Samari, taho ka ga ikon Allah. Sa ido nan."

Na sa ido. Wata mata mai sayar da daddawa da ke can ƙarshen kasuwa sai ga ta a gabana, har ina ganin ƙudan da ke kan tirenta. Na ja da baya na ce mata sannu. Mutane suka fashe da dariya.

"Da wanga abu," in ji Kafaran, "barewa tana Madarunfa kana Kurawa, ka ƙidaya gashin idonta. Mi ag gare ka?"

Ba ni da komai sai shuɗiyar riga. Kafin azahar rigar ta kama hanyar Maraɗi a jikin Kafaran, ni kuma na kama hanyar gida da bututu a hammata, ina jin duk Gobir babu mai wayona. Ga shawarata ta farko. In mai saye da sayarwa ya nuna maka abu ka ji dariya ta kama ka don daɗi, ka je ka sha ruwa ka zagaya kasuwa ka dawo. Ni ban tambayi Kafaran ko ya taɓa harbin wani abu da shi ba, ban kuma tambaye shi me ya sa gilashin gaba yake motsi in an girgiza ba.

Na kai wa maƙerin garinmu don ya ɗora mini. Bai taɓa ganin irinsa ba, amma maƙeri ba ya cewa bai iya ba. Ya lanƙwasa ƙarafa biyu, ya ɗaure da waya, ya naɗe da ɗanyar fatar akuya don in ta bushe ta matse. Sannan ya leƙa ya ce, "Labbo, wagga 'yar ƙwaya tana shiga mashi gaba. In hidda ta?" Na ce ya fid da ta. Magagari ya yi ta kai da kawo, ƙwayar da kakanka ya yi shekaru yana shafawa da babban yatsa ta faɗa cikin toka, ko sunkuyawa ban yi na ɗauka ba. Wannan shi ne abin da na ji kana shirin yi. Kada ka yi. Ko da ka ɗora madubi, ka bar wa bindiga idonta na asali, don gilashi yana fashewa, yana yin hazo, yana kaucewa in jaki ya yi tuntuɓe, ƙarfen nan kuwa yana nan inda aka sa shi.

Sai gwaji. Na kafa tsohuwar ƙwarya a kan suri bayan gari, samari suka taru. Na manna idona a bakin gilashi sosai don kada wani abu ya wuce ni, na ja kunama. Bindiga ta yi baya kamar yadda ta saba, bututun Kafaran kuwa ya same ni a gira. Na ga taurari da rana tsaka. Da na farfaɗo jini na zuba, ƙwarya na zaune a kan surinta lafiya lau, wani reshen aduwa da ke sama da ita ne ya faɗo. Wannan tabon da ke girata ta dama, wanda tun kana yaro kake sa yatsa a ciki, daga nan ya fito. Samari suka ce in sake, na ce ai iska ce, kuma harsashi ba tsakuwa ba ne da za a yi ta zubarwa. Gaskiya harsashi ya yi wuya a lokacin. Amma wanda ya ga harbinsa ya tafi sama bai tsaya ya gano dalili ba, bai san bindigarsa ba, kuma bai kamata ya shiga daji da ita ba. Kai in kun sauka, ka ɓata harsasai a kan ƙwarya kafin ka nufi abu mai rai. Kuma ka bar tazara tsakanin idonka da gilashi, gira ɗaya mai tabo ta ishe mu a gidan nan.

Da ƙyalle a goshi na tafi Gangara, cikin tsohuwar taguwa tun da riga ta tafi. Kakarka ta wajen uwa tana zaune tana gyaran tafasa. Ta dubi goshina ta dubi bututun ta ce, "Ɗan nan, wa ya buge ka?" Na ce mata sabon aiki ne ya zo daga Faransi, kuma kafin Juma'a za ta ci naman barewa har ta raba wa maƙwabta. Innarka na bayan zana tana saurare. Na ƙara da cewa zamanin jan ciki a ƙarangiya ya wuce, masu yin haka su ci gaba, ni daga tsaye za ni riƙa harbi. Na faɗi haka ne ina sane da cewa yayan Innarka Bawa ya fi kowa jan ciki a ƙasar nan. Allah ya sa ba ya gida. Babana, kada ka yi alkawarin nama yana kan ƙafafunsa, musamman ga surukai. Alkawarin nan shi ya riƙa tura ni daga baya har na yi abin da na yi.

Yanzu sai burtu. Ka san yadda kawunka yake harbi, don kayan da Isiya ya ɗauko ke nan. Kan burtu ne na itace, da dogon wuya, an lulluɓe shi da baƙar fata, an manna masa jajayen 'ya'yan idon zakara a maƙogwaro. Maharbi ya ɗaure shi a goshi da maɗaurin fata, ya yafa baƙin zane, ya durƙusa yana tafiya yana sunkuyar da kai yana ɗagawa kamar tsuntsun na kiwo. Barewa ta saba da burtu, ba ta gudun sa, har mutum ya matso. Saboda wannan ne maharban ƙasarmu suke da doka tun kakanni, ba a harbin burtu sai an ga ƙafafunsa. Kakanka ya gaya mini, Sarkin Baka, shugaban maharba, ya gaya mini, ni ma na gaya wa na bayana.

Na shiga dajin da ke tsakanin Gangara da iyaka na yi ta yawo. Namun sun yi ƙaura ko sun mutu, ko zomo ban tayar ba. Madubin nan kuwa ya nuna mini abubuwa da yawa. Ya nuna mini kututture, ya nuna mini suri, ya nuna mini gawar saniya da ungulaye, kowanne kusa-kusa kamar in miƙa hannu. Ranar Alhamis da hantsi, gobe Juma'ar alkawari, cikina babu komai sai ruwan anza, na hau wani tudu na sa ido a gilashi. Can nesa, bayan wasu gajerun sabara, sai ga kan burtu yana sunkuyawa yana ɗagawa. Baƙi wuluk, ga jan maƙogwaro. Burtu ba naman alfahari ba ne, amma a shekarar nan ko shi aka kai gidan surukai ba za a mayar ba.

Dokar ta zo mini a rai, ba za ni ce ba ta zo ba. Amma na ce wa kaina ai dokar ta masu 'yar ƙwaya ce waɗanda ba sa gani sosai, ni kuwa ga shi ina ganin har ƙyallin idonsa. Na rufe idon hagu don in ƙara gani. Duniya duka ta koma ɗan da'irar nan, babu dama babu hagu. Da idon nan a buɗe yake, da na ga barewar da ke tsaye gefe, wadda burtun yake lallaɓawa, da na tambayi kaina me ya sa tsuntsu yake bin barewa a hankali haka. Da 'yar ƙwaya ce a bindigar, da ta rufe shi duka, da dole na matsa. Jikinsa na ɓoye a sabara, sai na auna ƙasa da wuyan, inda na san ƙirjin tsuntsu yake. Na ja kunama.

Bututun ya sake samun girata a wurin da bai warke ba. Ta cikin jini na ga kan burtu ya yi tsalle ya juya baya, barewa ta tashi kamar an jefa ta, sannan burtun ya miƙe tsaye a kan ƙafa biyu, da wando, yana salati da muryar da ta cika dajin.

"La'ilaha illallahu! Wane la'ananne na? Wane makaho na?"

Babana, na yi niyyar gudu, amma ya riga ya hango ni. Ya taho yana jan baƙin zane, kan burtu na lilo a bayan kunnensa, har ya tsaya a kaina. Kawunka Bawa ne. Ya dube ni ya dubi bututun.

"Labbo? Kai na?"

"Ni na, Yaya Bawa."

"Ƙanwata kaka so, ko gadona?"

Na ajiye bindiga a ƙasa. Ya kwance burtun daga goshinsa muka duba tare. Harsashi ya huda wuyan itacen daga gefe zuwa gefe, dab da maɗaurin. Ya zauna a ƙasa, ni ma na zauna. Ni dai kuka na yi, ba na jin kunyar faɗa maka. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar nan ba, ko kafinta ko bayanta.

Muka kamo hanya, yana gaba ina baya. Na fara zaton abin zai tsaya tsakaninmu. Muna kawowa bakin garin Gangara, inda ake hango rijiya, sai ya tsaya ya zauna a kan wani kututture ya miƙe ƙafafu.

"Ka halbe ni ko ba ka halbe ni ba?"

"Na halbe ka, Yaya Bawa."

"To mahalbi ba shi barin namanai daji. Duƙa."

Na yi roƙo, na haɗa shi da Allah da iyaye. Ya ce al'ada ce ba shi ya kafa ta ba, wanda ya harba shi ke ɗauka. Na duƙa. Ya mayar da burtunsa goshi a karkace, ya haye wuyana, na riƙe ƙafafunsa biyu a ƙirji kamar yadda ake ɗauko barewa. Fari ya ramar da kowa a ƙasar nan ban da ƙasusuwan kawunka. Haka muka shiga gari, jini a fuskata, shi kuma yana sama yana sunkuyar da kan burtu yana gaida mutane dama da hagu. Yara suka biyo mu, tsofaffi suka fito daga zaure. A bakin rijiya mata na jan ruwa, Innarka na cikinsu. Bawa ya ɗaga murya ya ce, "Ki hwaɗa ma Inna ta aza tukunya, ga naman da anka yi mata alkawali!" Innarka ta yi dariya har igiya ta kuɓuce mata, guga ya koma rijiya. Mutanen da suka yi watanni ba su yi dariya ba, ranar nan sun yi, wannan kaɗai ne ladan da na samu.

Ban sauke shi ba sai ƙofar Sarkin Baka. Ka san duk abin da maharbi ya kashe, cinya ɗaya ta Sarki ce. Kawunka ya miƙa ƙafarsa gaban tsohon ya ce, "Ga cinyakka, Sarki. A yi haƙuri, shekarag ga babu mai." Sarkin Baka ya yi dariya har da tari. Amma da aka miƙa masa burtun ya sa yatsa a ramin harsashi, sai dariyar ta ɗauke. Ya karɓi bindigata ya ce ba za ta koma hannuna ba sai ƙwayarta ta koma bakinta. Ya kuma yanke cewa sauran ranin nan ni za ni riƙa sa burtu ina jan ciki gaban Bawa, shi yana baya da bindiga. Na ce za ni sassaƙa sabon wuya, Bawa ya ce a'a, a cike ramin da ƙaro a bar shi yadda kowa zai gani.

Ranin nan na koyi abin da shekarun da na yi bayan kakanka ba su koya mini ba. In kana ƙarƙashin baƙin zane, goshinka a ƙasa, ba ka ganin komai sai tururuwa, ba ka da wata kariya sai hankalin wanda ke riƙe da bindiga a wani wuri da ba ka sani ba. Duk reshen da ya karye sai bayanka ya yi sanyi. Shi ya sa nake so ku riƙa musanya da Isiya, yau shi gobe kai. Kuma ku tuna shekarar fari daji cike yake da mutane. Akwai mai tsinkar ganye a duƙe, akwai makiyayi a kan reshe, akwai wanda yunwa ta kwantar a inuwa. Ga yunwa kuma tana sa ido ya ga abin da ciki yake so. Kada ka ja kunama sai ka ga dabba tun daga kunne har kofato, ka kuma ga abin da ke bayanta.

Na ɗauka maganar aure ta mutu a bakin rijiyar nan. Kwanaki kaɗan bayan haka Bawa ya zo Kurawa ya miƙa mini wani ɗan ƙulli. Na kwance, sai ga guntun ɗan kunne na tagulla. Ya ce, "Ƙanwata ta ce a kai ma maƙeri shi yi ƙwaya da shi. Wai ka san wa kaka halbi, tun da 'yan'uwanta ba su da yawa." Ƙwayar da ke bakin bindigar da ke hannunka yanzu, wadda ka ce tsohon yayi ce, ɗan kunnen Innarka ne. Da ita na ciyar da ku duk shekarun nan. In ka sa mata magagari, ka shirya abin da za ka gaya mata, ni dai babu ruwana.

Ba na cewa madubi kayan Shaiɗan ne. Akwai mutanen kirki da ke aiki da shi, kuma ni kaina yanzu idona ya fara raina 'yar ƙwayar nan. Na Kafaran ma bai tafi a banza ba, ka san yana rataye a zaure, da shi ake duban jinjirin wata, bana kuma mun yi ta leƙen gabas da shi ko za mu ga hadari, ya nuna mana sararin sama kusa-kusa babu komai a ciki. Naka ban taɓa shi ba, yana cikin rawaninka inda ka sa shi. Na dai ɗauka na leƙa, na ga ba ya motsi in an girgiza, na ga mai kyau ne ƙwarai. Wannan ne ya fi ba ni tsoro. Ranar nan ƙirjin tsuntsu na auna, wato kan kawunka. Abin da ya cece shi, bayan ikon Allah, shi ne madubina karkatacce ne, wayar maƙeri ta sa yana jefa harsashi sama. Naka zai kai harsashi daidai inda ka auna.

Jiya da yamma kawunka ya zo da kansa, yana dogara sanda, ya kawo wa Isiya burtun. Bayan kun fita ya zauna kusa da ni a zaure. Da zai tashi ya ce, "Labbo, ɗiyana guda na. Na sa shi gaban bindigakka, da ni da shi karo na biyu ke nan." Ya yi dariya, amma ni na san dariyar kawunka, wannan ba ita ba ce.

Don haka ga abin da nake roƙon ka, kuma uba bai cika roƙon ɗa ba. In ka gama karatun nan, ka ce wa Isiya ya kwance kayansa ya fito da burtun. Ka nemi wurin da aka cike da ƙaro a wuyansa. Ka sa yatsunka tsakanin wurin nan da maɗaurin goshi, za ka ga ko tafin hannun jariri bai kai ba. Lokacin Bawa bai yi aure ba, ni ma ban yi ba. Kai da Isiya da ƙannenka duka, a cikin ɗan wurin nan kuka fito.

Innarka na gaishe ka. Ta ce in gaya maka na rage nisan da na ɗauki kawunka, na ce mata ta rubuta tata takardar. Ku tsare salla, ku gaida mai masauki da sarkin maharban wurin kafin ku taka dajinsu, ku bi dokarsu ko da ta saɓa da tamu. In nama ya samu ku aiko, in bai samu ba ku dawo, anza ba ta kashe mu a farin farko ba. Allah ya kiyaye ku daga sharrin daji da sharrin hanya da sharrin gaggawa, ya shayar da ƙasarmu, ya nuna mini ranar da za ku shigo Kurawa ku biyu, kowa a kan ƙafafunsa.

Ni ne mahaifinka,
Labbo maharbi, Kurawa.